Wuyana a Hannun Auta

Litinin, 3 ga Maris

Na yanki Direba a haɓa. Mutumin da nake yi wa aski tun yana da gashin da za a aske. Ya danne wurin da auduga ya ce, "Ba komai, ni na motsa." Bai motsa ba, hannuna ne. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 6 ga Maris

Likita ya ce rawar hannun ba za ta daina ba, sai dai a lallaɓa ta. Ɗana Auta ya rufe shagon, ya kwaso ni zuwa gidansa. Ɗaki mai kyau, taga tana kallon bango. Askata tana aljihuna, ita kam ba wanda ya isa.

Asabar, 15 ga Maris

Kowa "sannu Baba". Ba sannu da aiki ba, irin ta marasa lafiya, mai ja. Ta ishe ni.

Talata, 18 ga Maris

Na gwada gyara fuskata a banɗaki. Jini har kan riga. Auta ya tsaya bakin ƙofa, ido ya yi ja. "Baba, don Allah ku ba ni askar nan." Na ce yaron da ya guje wa shago ya tafi koyar da lissafi, shi zai taɓa mini gemu? Na faɗi abin da ya fi wannan ma. Ya juya ya tafi.

Da la'asar na jiyo shi yana gaya wa matarsa duk sanda na shiga banɗaki sai ya tsaya ya kasa kunne. Ban so na ji ba. Ya ba ni tausayi, na kuma ji haushin tausayin.

Lahadi, 30 ga Maris

Gemu buzu-buzu, ga ƙaiƙayi. Da wani ne ya shigo shagona haka, sai na yi masa tsiya kafin ya zauna.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na bar askar kan tebur bayan karin kumallo. Mantuwa ce, ina jin.

Auta ya fito da kujera baranda, ya ɗaura mini tawul kamar zai shaƙe ni. Kumfar duk ruwa. Na ce ja fatar da babban yatsa, bi kwanciyar gashi, kada ka yi gardama da shi. "To, Baba."

Sai ya ɗaga haɓata, sanyin ƙarfe ya sauka kan maƙogwarona. Na ƙame. Duk shekarun nan mutane suna miƙo mini wuyansu su rufe ido, wasu har da gyangyaɗi, ban taɓa sanin abin da suke ba ni ba. Shi kuma ya riƙe numfashi, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na rufe ido.

Ya miƙo madubi. Ya bar gashi ƙarƙashin kunnen hagu, daga bakin titi ma za a hango shi.

"Ya yi, Baba?"

Na ce ya yi.