Ƙwaryar Nono a Bakin Ƙofa

Inna,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya ƙafar Baba?

Lafiya lau nake a Falgore, kar ki damu. Da na fara kai wa matan ruga kunun da coci ke bayarwa, sai in tsaya a kansu. Ko ludayi ba mai taɓawa. Wata tsohuwa, Safara'u, ta ce, "'Yar nan, ba ma ci a gaban baƙo. Ajiye ki tafi."

Yanzu ruwa ya yanke hanya, hatsinmu ya ƙare. Na ɗan rame, kaɗan dai. Amma kullum da safe sai in tarar da ƙwaryar nono a bakin ƙofata, ba kowa a wurin.

Ki sa su a addu'a, Inna.

'Yarki,
Kyauta