Farar Kwat Ɗina da Ta Koma Tafki a Seru

Zuwa ga Mama Rifkatu, uwar zumuntar matan ikilisiyoyinmu na Jugu da Paraku, da sauran iyaye mata masu taya ta riƙon wannan aiki.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kun koma gidajenku lafiya, kun tarar da iyali lafiya, kuma shunin da ke hannuwanku ya fara sakin ku. Na gidana dai har yau bai saki ba. Ina gaishe da Pasto, ina gaishe da mazajenku, 'yan'uwana a haƙuri.

Ni ne Bitrus Gado, mijin Saratu, mazaunin unguwar Gema a Paraku, tsohon akawu a gar, wato tashar jirgin ƙasa. Na rubuta da Hausa ne don da ita muke addu'a, ba don Faransanci ya gagare ni ba. Na kuma roƙa a karanta wannan takarda bayan sujada, a Jugu da Paraku, domin abin da aka yi mini a gaban jama'a yake rataye.

Mama, maganar kwat ɗina ce. Maiɗakina ta tafi da ita taron keɓewa da kuka yi wa mata a ƙauyen Seru a kakar bana, ba da sanina ba, kuma ba ta dawo da ita ba. Wannan kwat kuwa ita na ajiye don a binne ni a cikinta. Ga yadda abin yake dalla-dalla.

1. Ba tsumma ba ce. Farar kwat ce mai maɓallan tagulla, wadda wani tela ɗan Togo ya ɗinka mini a Kotonu shekarar da na ci jarrabawa aka ba ni kujera a gar. Da ita na karɓi kaya, da ita na sallami kaya, gishiri da siminti da auduga, ban taɓa ɓatar da buhu ba. A aljihun ƙirjinta akwai tabon tawada ruwan hoda mai duhu, na alƙalamin da ya tsiyaye wata rana, wanda sabulu ya kasa. Da juyin juya hali ya zo, kowa ya zama kamarad, wato ɗan'uwan gwagwarmaya, sai aka ce kwat rigar barorin Turawa ce, mu tsofaffin akawuna mu je mu huta. Waɗanda suka faɗa mini haka, ni na koya musu inda ake sa aya. Ban yi gardama ba. Na naɗe kwat da kafur, na sa a akwatin ƙarfe, na ce wa Saratu ba zan ƙara sa ta ba sai ranar da za a ɗauke ni. Mutum ya kamata ya tafi da shaidar cewa ya taɓa zama wani abu.

2. Ban hana ta zuwa taronku ba, a rubuta wannan. Da ta ce kun kira matan da suka gama goyo amma ba su kai ga riƙe sanda ba, su je su yi 'yan kwanaki suna addu'a da rini da ɗinki, cewa na yi ta tafi. Tun da autanmu ya koma Kotonu gidan ya yi mana girma, ita ta yi shiru a ɗakinta, ni na yi shiru a gindin mangwaro da rediyona. Na ce ko ba komai za ta ci sabuwar doyar Seru. Har gar na raka ta, na sa ta a kamyo, babbar motar kaya ta maƙwabcinmu Alhaji Mamman. Ƙunshin da ke kanta ni na taya ta ɗorawa. Ashe kayana na ɗora.

3. Al'adata ce duk ƙarshen damina in fito da kwat in shanya saboda funfuna. Na buɗe akwati, sai kafur da tsohuwar jarida. Na ɗauka ɓarawo ne, na tafi wurin delege, wakilin hukuma a unguwa. Ya ba ni kujera, ya saurare ni, sa'an nan ya bayyana mini cewa a ƙasar da jama'a ke mulki babu ɓarayi sai ragowar halin da, kuma duk wanda ya ɗauki kwat ya rage mini kaya ne. Ya ce tun da na zo, kada in manta da sharar gayya ranar Asabar. Na je neman kwat, na dawo da tsintsiya.

4. Saratu ta dawo hannuwanta shuɗi har gwiwa, tana 'yan waƙe-waƙe a tsakar gida. Ban gama tambaya ba ta ce ita ta ɗauka. A nan ne na ji dokar da kika kafa, Mama, kuma a kanta ƙarata take. Kin ce kowace mace ta zo da farin ƙyalle ɗaya daga gida, wanda ya daɗe a akwati ba ya amfanin kowa sai nauyaya zuciya, ta miƙa shi ga Ubangiji, a yanka, a rina, a haɗa a yi zane guda. Dokar ta faɗi launi, ta faɗi nauyi, amma ba ta ce na wa ba. Da ni aka ba in duba ta, da ban bar wannan rami ba. Saratu ta ce ta duba gidan kaf, ba ta ga abin da ya kai kwat ɗina nauyi ba, har ma tana jin nauyinta daga madafa. Na ce sata ce. Ta ce in je in faɗa wa delege.

5. Na tafi Seru da kaina, da reza a aljihu, da niyyar in warware abina ko guntu-guntu ne, in kawo wa tela ya ga abin da zai iya. Alhaji Mamman ya sa ni gaban kamyo. Tun daga Paraku har Jugu, kan wannan jar hanya mai girgiza haƙora, dariya yake yi mini. Ya ce mu Kirista muna zuwa gaban Allah kamar masu neman aiki a biro, wato ofis, ya tambaye ni ko a kabari ma akwai kayan da zan sallama. Ya ce in na yarda zai ba ni likkafanin alawayyo kyauta, irin nasu, babu maɓalli babu guga. Na ce masa ya kula da hanya. Shekarunmu da yawa katanga ɗaya, shi kaɗai nake bari ya yi mini irin wannan.

Daga Jugu na hau bayan keken wani mai kai gishiri har Seru. Dawa ta nuna hagu da dama, ana ta haƙar doya, gari sai ƙamshin sabon abinci. Na isa 'yar majami'arku mai rufin kwano, na tarar da mata uku suna shara. Ban faɗi sunana ba, ban ma gama sallama ba, ɗaya ta saki tsintsiya ta kira sauran, ta ce, "Ku zo, ga na cikin jirgi ya iso!" Suka durƙusa suka gaishe ni suna danne dariya. Ban gane ba sai da na shiga.

6. Na ga zanen. Ya cika bangon bayan bagade, kuma zan faɗi gaskiya ko ba ta yi mini daɗi ba: ban taɓa ganin irinsa ba. Labarin masuntan nan ne da suka jefa taru bisa umarnin Ubangiji har kifi ya nemi nutsar da su. Shuɗi na baba, ja na karan dafi, rawaya na gangamau, ƙasa-ƙasa na goro. Duk da haka, a matsayina na wanda aka koya wa zane da ma'auni a lakwal, makarantar boko, ina da gyara. Jirgin ya fi kama da ƙwarya. Kifayen sun fi masuntan girma. Tarun gidan sauro ne, kowa ya gani. Masuntan kuma duk da tsagar mutanen Jugu a fuska, abin da ban taɓa ji ba game da mutanen Galili.

Bayan kwat ɗina shi ne tafkin, an rina shi shuɗi. Hannuwanta biyu aka buɗe aka bar su fari, su ne tantanin jirgi, ƙyallen da iska ke turawa. Maɓallaina idanun kifi ne. Sai can ƙarshen jirgi, ga wani mutum zaune shi kaɗai, kowa na jan taru shi ya harɗe hannuwa, ya juya kai gefe, baki a turɓune, da sanƙo. Rigarsa fara ce, da tabon tawada a ƙirji. Aljihuna ne, Mama. A labarin da na sani babu wannan mutum a jirgin. Matan suka ce Saratu ce ta yanka shi, kuma da aka ɗaga shi a taro ba wadda ta tambayi ko wane ne.

7. Na fito da reza. Matan ba su hana ni ba, sai babbarsu ta matso ta nuna mini yadda kuke aiki. Ashe ba wadda ke ɗinka nata ƙyallen. Kowace tana miƙa wa ta kusa da ita, ita ta ɗinka mata tana yi mata addu'a, kuma kowane yanki sai ya hau kan na maƙwabcinsa. Ta nuna mini farin kumfan da ke bakin tafkina, ta ce rigar baftisma ce ta wani jariri da bai yi rai ba, uwarsa ta ɓoye ta tun tana amarya, yau ga ta da furfura. Gajimaren da ke manne da tantanin jirgi mayafin takaba ne. Cikin babban kifin da ke ɗauke da maɓallina rigar aiki ce ta wata ungozoma da ido ya hana ta ci gaba. Na zagaya da yatsa ina neman inda zan sa reza in ciro nawa ban yaga na wata ba. Babu. Na mayar da reza aljihu. Aka kawo mini sakwara da miyar ɗanyen kuɓewa, na ci, don ban ga dalilin haɗa asara biyu ba.

Da na koma gida na tambayi Saratu, cikin dukan mutanen da ke jirgin me ya sa ni ne marar aiki, mai turɓune fuska, a gaban ikilisiya biyu. Tana tuƙa tuwo da shuɗɗan hannuwanta, ba ta ko juyo ba ta ce, "Baban Yohanna, ai dai kana cikin jirgin." Na san abin da take nufi. An daɗe ba a gan ni a sujada ba, kuma dalilaina suna nan ba su canja ba. Na ɗauki rediyona na fita.

8. An ce takardar iznin da hukuma ta ba ku ta kira taronku horon sana'ar hannu don bunƙasa aikin mata, ba taron addu'a ba. Duk wanda ya yi shakka a turo shi wurina. Ni shaida ne an yi sana'a, don da kayana aka yi ta. Haka kuma ni shaida ne cewa matar da na sa a kamyo ba ita ta dawo ba. Wannan tana dariya, tana gardama, ta kafa tukunyar baba a bayan ɗaki, matan unguwa Kirista da Musulmi suna ta shigowa da tsofaffin zannuwa, har uwargidan Alhaji. Na rasa inuwar mangwarona, igiyar shanya ta cinye ta. Ban ce na gode ba. Na dai rubuta abin da na gani.

Saboda haka ga roƙona.

Na farko, a gyara dokar kafin kaka mai zuwa. A ƙara cewa ƙyallen ya zama na wadda ta kawo shi, ko kuwa mai shi ya yarda da bakinsa. Na san mazaje da yawa a Paraku da suka fara kwana da mabuɗin akwati a wuya tun da labarina ya fita.

Na biyu, kada a taɓa bakin mutumin nan na ƙarshen jirgi. Na duba madubi, daidai ne. Sanƙon ne aka yi wa ƙari, a rage shi in da hali.

Na uku shi ne babba, kuma ina so a amsa mini shi a gaban shaidu. Kwat ba za ta dawo ba, na gani da idona, na kuma janye neman ta. Amma ba zan tafi ba tare da ita ba. Ranar da Ubangiji ya kira ni, a sauke wannan zane daga bango, a kawo shi Paraku, a lulluɓe akwatina da shi daga Gema har bakin kabari, da tafkin da kifayen da kayan sauran matan duka, in sun yarda su raka ni. In an sauke ni a naɗe shi a mayar Seru, don ba nawa ba ne ni kaɗai. Alhaji Mamman ya ce shi zai kawo, shi zai mayar, in bai riga ni ba. Abin da za a sa mini a jiki kuwa na bar wa Saratu, tun da ta nuna ita ke zaɓe.

Mama, Allah ya ƙara miki lafiya da ƙarfin ido don zare da allura. Ya albarkaci matan da suka miƙa abin da suka daɗe suna ɓoyewa, ya sauƙaƙa musu abin da ya rage a zuci. Ya ba ku kaka mai albarka baɗi, da baba mai kama ƙyalle, da mazaje masu haƙuri. Ya tsare akwatunan bayinsa. Ni kuma ku sa ni a addu'a, amma a hankali, kada a yi mini taro a kai.

Ina jiran amsar roƙo na uku. Ba gaggawa nake ba, amma kada a yi jinkiri.

Wassalam, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku duka.

Naku,
Bitrus Gado,
tsohon akawun gar, Gema, Paraku.