Ni na sallami mai gadin

Zuwa ga Yaya Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar girmamawa, da fatan ke da maigida da yara kuna lafiya a Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a zaman nesa. Mu nan Roni lafiya lau. Maigidana Muhammadu Lawal yana fama da gona. Na je Babura na duba Baba, ƙafar ta yi sauƙi.

Yaya, tun ranar Talatar makon jiya ban sake samun sukuni ba. Na kasa faɗa miki a waya, shi ya sa na ɗauki biro. Kin tuna kwamfutar da kika bar mini amana, wadda kika zuba muryar Inna a ciki kafin wayarki ta lalace, hirar nan da ta yi a tsakar gida wata biyu kafin rasuwarta, tana kiran sunanmu ɗaya bayan ɗaya tana sa mana albarka. Kin kuma san ni da littattafan soyayya. Wata mata a zaurenmu na masu karatu na intanet ta turo manhaja, wai littafi dubu ne a ciki kyauta. Da na zo sakawa, kwamfutar ta yi jan gargaɗi cewa mugun abu ne, ta ɗauke shi ta killace. Na sake saukewa, ta sake hanawa. Matar ta ce tsegumi ne kawai, ta nuna mini inda zan kashe tsaron. Har kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata. Ni kuwa ina jin kaina kamar yarinyar cikin littafi da kowa ke hana ta abin da ranta ke so. Na danna.

Kafin la'asar komai ya kulle. Na kai ta Kazaure wurin Sama'ilu mai gyara, ya yi kwana uku a kanta. Ya ce kwamfuta da mai gadinta take zuwa tun daga kamfani, yana bincikar duk abin da zai shiga, kuma ya yi aikinsa har sau biyu. Ya ce ɓarawon bai haura katanga ba, ni na sallami mai gadin na buɗe masa ƙofa. Abin da ke ciki kuwa an dagula shi, ba shi da mabuɗinsa, sai dai a goge komai a fara sabo.

A littattafan da nake karantawa, duk abin da ya ɓata yana dawowa a babin ƙarshe. Kwana shida ke nan da karɓo ta, ina kunna ta kowace safiya ina jiran babin nan. Jiya na zauna in tuna yadda Inna ke jan sunana, sai na ji muryata ce kawai a kunnena. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, amma hohon nan har da ke da ɗan'uwanmu Hamma, da ba ku danna komai ba. Ki yafe mini, Yaya.

Ki gaida maigida, da Sadiyya da Muhsin. Hamma ni zan gaya masa da bakina. Na daina jira. Ranar Asabar zan mayar wa Sama'ilu ita ya goge.

Ƙanwarki,
Zaituna