Yadda Ka Rubuta Sunan Mama

Maamobi, Accra
Ranar Juma'a

Zuwa ga Yayana Zulkarnaini,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki da zaman teku, Allah ya ƙara maka lafiya ya tsare ka a jirgin nan. Mu dai alhamdulillahi. Kumburin ƙafar Baba ya sace, har ya koma sallah a masallaci, 'yar'uwarmu Sadia kuma ta yaye ɗanta.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Kamfanin nan na unguwar Adabraka sun ɗauke ni aikin shigar da bayanai daga gida, amma sai na shiga rumbunsu ta wata ɓoyayyar hanya da suke kira VPN kafin ƙarfe tara na safiyar Litinin. In ban shiga ba, za su ba wata. Shekara uku fa ina nema! Sun aiko mini da fayil da layi ɗaya, wai in buɗe baƙin allon rubuta umarni a kwamfutar da ka bar mini, in rubuta sudo, sannan openvpn, sannan sunan fayil ɗin. Na yi, sai ta nemi kalmar sirri. Ina ta dannawa ba abin da ke fitowa, har na ce madannan sun mutu, na kusa kuka. Ma'aikaciyarsu ta yi mini dariya a waya, ta ce haka take, ba ta nuna haruffa, amma kalmar ba tasu ba ce, ta wanda ya haɗa kwamfutar ce. Wato kai, sarkin ɓoye-ɓoye.

Na tuna ka ce sunan marigayiya Mama ne da ƙananan haruffa. To wanne? Na sa fusena yadda duk Maamobi ke kiranta, ta ƙi. Na sa fuseina na katin zaɓenta, ta ƙi. Na ɗauko fasfonta na aikin Hajji, can Fuseinatu aka rubuta, nan ma ta ƙi. Na je wurin Baba, ya karɓi biro ya rubuta mini da ajami, ya ce Husaina liman ya raɗa mata, mutanen Accra ne suka lanƙwasa shi. Na gwada husaina, hussaina, usaina. Baba ya daɗe yana kallon takardar, ni kuma na yi nadamar tambayarsa.

Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na tura wannan wasiƙa ta adireshin imel na jirgin. Don Allah ranar da ta iske ka, ko tsaye kake, ka amsa.

Baba, Inna Amama da Sadia suna gaishe ka. Ka gaida abokinka Mujeeb.

Ka rubuto mini shi harafi bayan harafi, Yaya. Wallahi kunya nake ji, shekara ashirin da shida ina 'yarta, ban san yadda ake rubuta sunan uwata ba.

Ƙanwarka,
Mardiya