A Nan Da Yamma Ake Tsiyaye Tanki

Yaya Sutikno,

Bayan gaisuwa, ya mutanen Klaten, ya ƙafar Inna? Ina lafiya a Hokkaido, kada ta damu. A aiko mini da yajinta.

Yaya, koyarwarka ta ja mini faɗa! Kai ka ce da safe ake tsiyaye ruwan da ke taruwa a tankin iska. Na bar shi ya kwana, ya daskare saboda tsananin sanyin nan, ya toshe bututu, injinan masana'anta suka tsaya cak. Oga ya daka mini tsawa: "Yamma! Yamma!" Wallahi har daɗi na ji, don kwana tara ba wanda ya kula ni.

Yanzu da yamma nake buɗe famfon tankin. Nakan jinkirta rufewa, don hucinsa irin na tankin shagonmu na gida ne sak.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Wagiman