Ruwan Buɗa-Baki A Firijon Likita

Zuwa ga Majo, shugaban likitar garinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka gafarce ni da na ɗora maka karatu cikin wanga zafi, ga azumi ga marasa lafiya. Na so in taho da kaina, amma tun jiya dariya ta hana ni tsayawa gaban mutane cikin natsuwa, ga ni da jikoki. Ina gajiya, ina iyali?

Ni ce Rabi, mai koya wa matan unguwarmu karatun allo bayan la'asar. Mijina ya daɗe da rasuwa. Bana Malam Isuhu tela ya aiko neman aurena, anka sa rana Jumma'ar bayan Salla. Yayanshi, wanda shi ne babba a gidansu, ya ce sai an yi awon jini. Na ce madalla, haka ya kamata.

Na ɗaya. Farkon azumi na zo labo ɗinku, ɗakin awon jini, da hantsi anka ɗibi jinina. Mai awo ya ce in dawo gobe. Da na dawo, kwalbar jinin tana nan bisa tebur kusa da taga inda na bar ta, da sunana a jiki. Boko bai ishe ni ba, amma sunana ina gane shi. Kwalayen abin awon kuma suna jere a bakin tagar, rana na dukansu, kwanon rufi na huci daga sama.

Na biyu. Ina zaune anka buɗe firijo. Wallahi, Majo, ban ga magani ko ɗaya ba a sashen da idona ya kai. Ledojin ruwa ne, da lemu-hari, ruwan lemun tsami da ake sha da buɗa-baki, da wani kwanon fura mai murfi shuɗi da na san gidan da ya fito. Ban zargi kowa ba. Firijonku ne kaɗai ke aiki da hasken rana a wanga yanki, kuma ni ma na san ƙishirwar la'asar.

Na uku. A ranar anka ɗiga jinin nan da ya kwana bisa wani ɗan tsinke daga kwalin taga, anka ce ina da ciwon hanta. Na yi salati, na koma gida. Masu wanga ciwo bayin Allah ne, da nawa ne da na karɓa na nemi magani. Amma kafin Magariba labari ya riga ni zuwa rijiya. Ɗalibaina sunka fara zuwa da moɗarsu ta shan ruwa. Gidan su Malam sunka yi shiru, shi kuma sai ya riƙa wucewa ta ƙofarmu yana gyara hula ba dalili.

Ɗiyata ce ta matsa munka shiga mota zuwa babban asibitin Dogon Dutsi. Can anka auna ni da sabon jini, anka sake aunawa da wani irin awo daban. Babu! Ba komai! Na tashi na rungume matar da ta auna ni, ni da ko gaisuwa sai an matso ake jin muryata. A kan kabu-kabu, muna komawa tasha, sai na ji ina rera waƙar da ban yi ba tun ina budurwa, ɗiyata na tsungulina. Na sayi lalle. Na sayi turaren wuta har kala biyu, ina azumi ina shinshinawa, sai da na tambayi liman hukuncinsa.

Don kada in ɗauki alhakin kowa, ga abin da matar ta faɗa, ba ƙari. Ta ce ba za ta rantse zafi ne ya jawo ba, tunda ba ta nan. Amma kowane kwali an rubuta iyakar zafin da yake ɗauka, wasu ma firijo ne kaɗai wurinsu, kuma wanda ya sha rana ba a yarda da maganarsa. Jinin da ba za a auna ranar ba, sanyi ake sa shi. Sakamako mai nauyi irin wanga kuwa, sai an tabbatar kafin a faɗa wa mutum.

Sauran abu guda. Yayan Malam ya ce ga takarda biyu suna musu, shi kuwa ba zai ɗaura aure ba sai bakin da ya fara faɗa ya gyara. Wato kai, Majo.

Roƙona ke nan. A sake auna ni a nan, da sabon jini da abin awon da bai ga taga ba, ka sa hannu. A nemo duk wanda anka auna da kwalayen nan, don ina tunanin wanda anka ce mishi lafiya lau alhali ba haka ba ne. Wannan ya fi nawa ban tsoro. A mayar da firijo ga masu shi, wato jini da magani. Ina da babbar randa wadda ban amfani da ita, in an binne gindinta cikin yashi anka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, ruwanta har haƙori yake kamawa. Zan sa a kawo muku, sadaka ce.

Allah Ya karɓi ibadarka, Ya ba ka ladan hidimar bayinSa, Ya sanyaya maka kamar yadda za ka sanyaya mini. In an ɗaura, kwanon gidanka ne na farko.

Malam ya gama ɗinka mini kaya, yana riƙe da su a shago, kullum sai ya sake musu guga. Don Allah ka amsa mini kafin ganin wata.

Wassalam.

Rabi mai allo