Makullan Waɗanda Suka Tafi

Zuwa ga Malamata, hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake fakewa in rana ta buɗe, ruwan farkon damina da ya sauka a ƙeƙasasshiyar gonar zuciyata!

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin wayi gari lafiya, ke da Baba da Umma. Ya jikin Umma? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya cire mata firgicin nan.

A kan bencin shago nake rubuto miki, da yatsu uku, don biyun har yanzu a naɗe suke. Saboda haka kada ki ɗauko jan biron nan naki ki hau gyara mini rubutu kamar ɗan aji uku. Dama can cewa kike rubutuna kamar kaji sun yi tono, yau kuwa sai abin da kika gani. Da na so da na kira ki a waya, amma na san halina. Da zarar kin amsa, duk maganar da na yini ina ɗaurawa sai ta kwance, in koma tambayarki ko kin ci abinci. Maganar yau kuwa dole ta iso gare ki a ɗaure.

Shekaranjiya Yayanki ya zo ya same ni. Ya ce takardunku na tafiya ƙasar waje sun fito, ku huɗu, jirgi ranar Alhamis ta sama. Ya ce ya samar mini gurbi a wani kamfanin ƙofofi a can, in na amince zai fara bin nawa takardun, bayan 'yan watanni in biyo baya a ɗaura mana aure. Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa, har hoton kamfanin ya nuna mini a wayarsa. Da zai tashi ya ƙara da cewa saƙonki ne: wai in ina sonki, in biyo ki.

In ina sonki! Wai ni ake kafa wa wannan sharaɗi? Ki tambayi ƙofar shagon nan sau nawa nake leƙa ta in ƙarfe biyu ta yi, lokacin da kike taso yara. Ki tambayi tela maƙwabcina, wanda ya gaji da ni har ya rantse in na sake ambatonki sai ya ɗinke mini baki. Ina sonki irin son da ƙasa ke yi wa raɓa, irin son da tsuntsu ke yi wa reshen da ya saba sauka. Muryarki nake ji a cikin ƙarar injina, fuskarki nake gani a kowane ƙarfe da na goge ya yi ƙyalli. Kuma da bakin da nake faɗa miki wannan, da shi zan faɗa miki ɗayar: ba zan tafi ba, Malama. Ba bana ba, ba baɗi ba.

Kada ki yayyaga takardar tukuna. Na san ki da zuciya, ki ƙarasa karantawa.

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare ki a rumfata, kina rungume da littattafan yara kamar jariri? A ranar kika fara ganin allon da ke bayan kujerata. Na yi miki bayani cewa duk wanda zai bar ƙasar nan daga unguwarmu, ni yake kawo wa makullan gidansa, tunda ni na yanka su tun farko. Lokacin goma sha biyu ne, kowanne a ƙusarsa, na rubuta sunan mai gida da layinsa a guntun kwali. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba kika rufe ni da faɗa, wai wane irin mutum ne ni da zan rataye wa ɓarawo taswira a bango. Kika aro almakashin tela, kika yanko sabon kwali, kika zauna a nan inda nake zaune yanzu, kina tambayata abin da ke cikin kowane gida kina raɗa masa suna. Gidan Lemo. Gidan Mai Tari. Gidan Kyanwa Uku. Muka yi ta dariya kamar mun shekara da sanin juna. Ruwan ya ɗauke tuni, ke ba ki lura ba, ni kuwa na lura na ja bakina na yi shiru.

Yau makullan nan talatin da ɗaya ne. Kowace Asabar nakan rufe shago in bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, in buɗe tagogi su sha iska, in kunna famfo kada ya yi tsatsa, in ba itatuwa ruwa, in share ƙofar gida don mai wucewa ya ɗauka da mutane a ciki. Na ga tabarmar salla a naɗe a inda aka bar ta, na ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado. Mai kantin magani, wanda ya tafi shekara biyu ke nan, yakan kira ni ya ce aiki lafiya, yara lafiya, can ba mai tare ka a hanya. Sai can ƙarshe ya tambaye ni ko lemonsa ya yi 'ya'ya, muryarsa ta canza, ya ce tari ne. Ban ga laifinsa ba, wallahi ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba. Kowa ya san abin da ya kore shi. Amma duk sun tafi ne da sanin akwai wanda ya zauna.

Ba ki taɓa jin yadda aka yi da yatsuna daga bakina ba, don na ƙi gaya miki. To yau ki ji. Ɓarayi biyu ne a kan babur, bayan la'asar, ido na ganin ido. Ko kallon injina ba su yi ba, allon suka zo wa. Suka kwashe makullan a buhu, sannan babban ya duba kwalayen ya ga ba suna ba layi, sai Gidan Kyanwa Uku. Ya ce in faɗa masa wanne ne wanne. Na ce na manta. Ya ɗora hannuna a kan bencin nan, ya ɗauki gudumata, tawa ta kaina, ya sake tambaya. Ba zan yi miki ƙaryar jarumta ba, na ji tsoro, kuma da gudumar ta sauka na yi ihun da ban san ina da shi ba. Amma ban faɗa ba. Ihun ne ya fito da tela da dutsen guga a hannu, ya fito da mai gyaran keke, da matan da ke sayar da kayan miya a bakin titi, kowa da abin da hannunsa ya kai. Suka yar da buhun suka hau babur. Dabararki ce ta tsare gidaje talatin da ɗaya a ranar, ke da almakashin aro, ni yatsu kawai na bayar.

Shi ne yanzu za a ce in tattara in bar musu? In kai wa wa makullan? In zuba su a kwata, in hau jirgi, in je in riƙa ɗaura wa baƙi ƙofofi alhali ƙofofin unguwarmu na hannun ɓarayi? Su waye su da za su zauna mu mu tashi? A layin nan aka haife ni, a nan mahaifina ya koya mini riƙe magagari, a nan na binne shi. Su fa? Jiya jiya suka samo bindiga suka ɗauka sun sayi gari. Sun yi kaɗan! In kowane mai sana'a ya tafi, kowace malama ta tafi, kowane mai magani ya tafi, wa zai rage sai su da tsofaffin da ba su da ƙafar gudu? Matan da suka fito mini da muciya ba wanda ya samar musu gurbi a kamfani. Da wane ido zan dube su in ce na gode, sai wata rana? Ina nan daram. In sun dawo su same ni a kujerata, sauran yatsu takwas.

Na san abin da za ki ce, ya sanyin idona, kuma kina da gaskiya. Ba ni aka shigar wa gida da rana tsaka ba. Ba uwata aka durƙusar a tsakar gida aka ɗora wa bindiga a ka ina kallo ba. Na ga yadda kike zabura in babur ya tsaya a bayanki, na ga yadda kike waige sau uku kafin ki shiga lungunku, kuma duk lokacin da na gani sai in ji kamar an zuba mini garwashi a ƙirji. Mai son ki na gaskiya, in ji Yayanki, shi ne wanda zai kai ki inda za ki yi barci da ido biyu a rufe. Na juya maganar nan har kaina ya yi ciwo. Wataƙila shi ne mai gaskiya ni ne mai taurin kai. Ba zan ce miki yaran ajinki za su lalace in kin tafi ba, ko da yake na so in faɗa, don wannan ɗaure ki ne da igiyar da ba tawa ba.

Ba kuma zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Ban isa in ce ba za a sake tare hanya ba, ban isa in ce baɗi za ta fi bana ba. Abin da nake da shi ɗakuna biyu ne a bayan shago, da ƙofar da na yi mata aikin da ban taɓa yi wa ta kowa ba, da maƙwabtan da na ga ranarsu da idona. Sai ƙafafuna, da za su raka ki makaranta su dawo da ke kullum, ko yara za su yi mana waƙa. Sai wannan zuciya mai kafiya, wadda ta ƙi sakin makullan mutane da guduma a kanta. Ki auna da kanki, wanda ya riƙe amanar kyanwa uku haka, yaya zai riƙe ki?

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ɗazu da hantsi Baba ya zo shago. Ya zauna ya tambayi hannuna, muka taɓa hira, sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da makullan gidanku ya ajiye a kan benci. Na daɗe ina karɓar makullai, ban taɓa jin masu nauyin waɗannan ba. Ya ce in riƙa duba gwaibar Umma. Na yi ƙarfin hali, kaina a ƙasa, na tambaye shi zancenki. Ya dubi titi ya ce, "Ba zan ɗaure ta in sa a jirgi ba, ba kuma zan ce mata ta zauna ba. Tana da bakinta, ɗana."

Da ya tafi na kafa sabuwar ƙusa, na ɗauko makullan zan rataye, sai hannuna ya tsaya. Ni na canza kwaɗunan gidanku kaf bayan abin da ya faru, na san ƙofofinku kamar yadda na san tafin hannuna. Bakwai ne. Makullan da Baba ya kawo shida ne. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, na zazzage su a kan benci na jera: na zaure, na falo, na ɗakin Baba, na Umma, na Yayanki, na kicin. Na ɗakinki ne babu.

Malama, ya farin watana, me kike nufi da ni? Mantuwa ce? Na san kina mance biro, kina mance laima, amma gida guda ya tattara makullansa a ba ki ki sa naki ki manta? Ko kuwa hannunki ne ya ƙi saki, kamar yadda nawa ya ƙi? Tun hantsi na kasa yanka ko makulli ɗaya. Mutum biyu na mayar, tela yana ta tambaya ko yatsun ne, na ce masa e.

To ga yadda za mu yi, don ban son in sa ki faɗin abin da zai yi miki nauyi a baki. In mantuwa ce, ki ba Yayanki ya kawo mini. Zan karɓa ba tare da na ce uffan ba, in haɗa shi da 'yan'uwansa a ƙusa. Zan buɗe tagar ɗakinki kowace Asabar, in share, in rufe, kuma ba wata 'ya mace da za ta ji daga bakina abin da kika ji, ko shekara nawa za ki yi. In kuwa da sani kika riƙe shi, kada ki ce komai, ki dai ci gaba da riƙewa. Zan jira har azahar ɗin Litinin. In ban ga Yayanki ba, kawunnaina za su iso wurin Baba da la'asar, a ɗaura aure tun yana nan, ya sa mana albarka da bakinsa kafin ya hau jirgi.

Shekara goma sha biyar ina zaune a shagon nan ina addu'ar Allah ya kawo mai makulli. Daga yau zuwa Litinin addu'ata ta juya. Kada ki aiko shi, Malama. Don girman Allah kada ki aiko.

Naki, in kin zauna naki, in kin tafi naki, har ranar da za a rufe ni a ƙasar nan da na ƙi bari,

Mai makullinki.